Ajiyar Wake Daga Roro Zuwa Bazara: Jagora Ga Ƙaramin Manomi a Kaura, Shinkafi da Zurmi

Duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan hatsi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis cikin watan Nuwamba ya san yadda abin yake. Wake ya cika wuri, fari da ja, wani a buhu, wani a ƙullin zane, kowa na neman mai saye, dillali kuwa sai ya ga dama yake ɗaga kai ya dube ka. Waɗanda suka kawo kayan ƙananan manoma ne, masu buhu biyu zuwa biyar, daga ƙauyukan da ke bin gulbin Gagare da na Bunsuru. Masu saye kuma su ne masu sito a gari da masu lodin mota zuwa Gusau da Dawanau da Kudu. In watan Yuni ya kama, manomin nan shi ne zai dawo wannan layi yana neman tiya biyu ta iri da tiya ɗaya ta ci, a farashin da bai taɓa sayar da nasa a kai ba. Ya yi noma iya noma, amma ribarsa ta zube a watanni shidan da ke tsakanin roro da saukar ruwa. Wannan asara ce da mutum zai iya tarewa da hannunsa, ba sai ya jira kowa ba.

Sayar da amfani da kaka tsohuwar ɗabi'a ce a yankinmu. Tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929 aka ɗora ƙasar a kan gyaɗa da auduga: a kwashe da kaka, a kai tasha, jirgi ya wuce da su Zariya. Gyaɗa ta sha kashi a 1975, shekarar da kuturta ta share gonakinta a Arewa, jirgin ma daga baya ya daina zuwa yadda ya saba, amma halin fitar da komai da kaka bai bar mu ba. Ga kuma abin da ya fi ciwo. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, aka samu cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. A ƙasar da ke noma wake, abincin da ya fi kowanne gina jikin yaro cikin abin da talaka ke iya samu, wannan magana ce mai tayar da hankali. Rashin tsaro ne babban dalili, babu musu. Amma waken da ya fita daga ƙauye a Nuwamba bai dawo ba sai da tsada yana da nasa kason.

Na zaɓi wake ne domin shi ya fi saurin lalacewa. Gero a dami yana iya shekara da shekaru a rumbu mai kyau. Wake kuwa in aka bar shi haka nan, kafin wata uku ya zama gari da ramuka.

Ƙwaron daga gona yake biyo ka

Mutane da yawa suna zaton ƙwaron wake a ɗaki yake shiga buhu. A gona yake fara aikinsa. Macen tana ɗora ƙwai a jikin kwanson waken da ya nuna, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci daga ciki ba tare da an gan ta ba. Cikin kusan wata ɗaya, in akwai zafi, ta zama ƙwaro ta fito ta bar ramin nan da kowa ya sani. Mace ɗaya tana yin ƙwai gommai, don haka ƙwaro kaɗan da ka shigo da su daga gona sun isa su cinye buhu kafin hunturu ya wuce. Ka ɗebi wake a tafin hannu ka duba a rana: ƙananan ɗigo farare da ke manne a jikin ƙwaya, waɗanda farce ba ya cire su da sauƙi, su ne ƙwan.

Saboda haka kada ka bar wake ya daɗe a gona bayan ya bushe. A yi roro sau biyu ko uku, ana bin wanda ya nuna, ya fi a jira a kwashe gaba ɗaya. Wanda ya shuka SAMPEA 20-T, irin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, ya sani cewa kariyar irin ta tsaya ga tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona. Ƙwaron ajiya yana cinsa kamar kowane wake.

Shanya

A nan aka fi yin sakaci, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba bai da amfani in wake bai bushe ba. A shanya kwanson a kan tamfol ko tabarma ko daɓe mai tsabta. Ƙasa tsirara tana ƙara masa danshi da tsakuwa, gefen kwalta kuma yana ƙara masa ƙura da man mota. Bayan casa da shiƙa a sake shanya ƙwayar kwana biyu ko uku, a baje ta sirara, ana juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka.

Dattawa suna gwada bushewa da haƙori: in ƙwaya ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotsa, da saura. Gwaji ne mai kyau, sai dai akwai wanda ya fi shi tabbas. Ka samu kwalba busasshiya mai murfi, ka zuba wake ya kai kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na gishirin da ka soya ko ka shanya ya bushe sarai. Ka rufe, ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye kamar kwata, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran ruwa a waken, a mayar da shi rana. In ya zube ƙasa ya bar kwalbar fes, ya isa ajiya. Masana suna son danshin ya sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin ɗari, to wannan gwaji shi ke kusanta ka da hakan ba tare da na'ura ba.

Rana da kanta tana kashe ƙwaro in aka taimaka mata. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda a kai, a baje wake kaurin yatsa biyu, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefunan a danne da duwatsu. Awa biyu da tsakar rana sun isa zafin ciki ya kashe ƙwai da tsutsa da ƙwaro gaba ɗaya. Sai a kai inuwa ya huce sosai kafin a zuba a ma'aji, domin wake mai zafi yana gumi a cikin leda.

Shiƙa ma a yi ta da kyau. Guntun kara ko tsinin kwanso ɗaya ya isa ya huda ledar da za ka dogara da ita.

Buhu mai leda biyu

Masana na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a Marwa ta Kamaru, su suka fara gano dabarar wannan buhu tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa buhun da sunan PICS a Afirka ta Yamma, masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi suka yi masa gwaje-gwaje masu yawa, kuma a Kano ake yin wanda ke kasuwanninmu. Yanzu akwai na wasu kamfanoni masu aiki iri ɗaya. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, akwai mai kilo 50 da mai kilo 100. Babu magani a cikinsa ko kaɗan. In an ɗaure, ƙwarin da ke ciki suna shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu.

Ka saya wurin mai sayar da kayan gona da ka sani, ka taɓa ledar da hannunka. Ta gaske tana da kauri da santsi, ba ta miƙewa in ka ja ta da yatsa. Akwai masu haɗa siraran leda su sa a buhu su kira shi da sunan na gaske, wanda ya saya kuwa sai a bazara zai gane.

Kafin ka zuba komai, ka ɗauki kowace leda ita kaɗai, ka kaɗa ta ta cika da iska, ka damƙe bakin, ka matsa a ƙirjinka. In tana saki, akwai huda, ka nemo ta. Sabuwar leda ma a gwada ta. Daga nan ka zura ɗaya cikin ɗaya, ka saka su a buhun saƙa, ka naɗo bakunan ukun waje. Fara da tiya biyu ko uku, ka girgiza don gindin ledojin ya zauna daidai ba tare da lanƙwasa ba, sannan ka ci gaba da zubawa a hankali kana jijjigawa. Kada ka cika har baki, ka bar wajen taƙi ɗaya da rabi na ɗauri. Sai ka kama ledar ciki, ka danna waken da hannu iska ta fita, ka murɗe bakin sosai, ka lanƙwaso shi ya koma biyu, ka ɗaure da igiya mai laushi ko robar tayar keke. Ka yi wa leda ta biyu haka ita kaɗai, buhun waje ma shi kaɗai. Ɗauri uku ke nan, kowanne daban. Wanda ya haɗa bakunan ya ɗaure lokaci ɗaya ya ɓata kuɗinsa. Waya da siririn zaren roba suna yanka leda, a guje su.

Bayan ɗauri sai haƙuri. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaron da bai gama mutuwa ba. Shi ya sa waken ci na yau da kullum ba ya shiga wannan buhu. In yaro ya zo ya ce, "Baba, Inna ta ce a ɗebo mata tiya ɗaya," a samu wani wuri da za a ɗebo, kada ya zama buhun ajiya ne. 'Yan kasuwa kuma a hana su sokar sa da ƙarfen gwaji. Mai son gani ya jira a kwance masa ranar ciniki.

A ɗora buhunan a kan katako ko itace, a raba su da bango, kada rana ta riƙa dukansu. Ɓera shi ne babban abokin gabar wannan buhu, huda ɗaya tasa ta rushe komai. A share ɗakin, a toshe ramuka, kada a ajiye dussa ko ƙaiƙayi kusa, a riƙa zagaya buhunan kowane mako.

In buhun bai samu ba, jarkar man girki mai lita 25 tana yin aikin, har ta fi shi tsare ɓera. Tana cin kusan tiya takwas, gwargwadon tiyar garinku. A wanke ta, a kife ta a rana ta bushe ƙarau, a cika ta har wuya ana bubbugawa, a shimfiɗa leda a baki kafin a murɗa murfin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi ba ta shiga wannan magana, ko an wanke ta sau nawa. Duro mai murfin murɗawa yana ɗaukar wajen buhu ɗaya da rabi, shi ma a cika shi fal, a ajiye a inuwa. Don iri kaɗan kuma, dabarar iyayenmu mata tana nan da ƙarfinta: toka tankaɗaɗɗiya mai sanyi, kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a cakuɗa a tukunya, a rufe saman da wata tokar.

Maganar guba

Ina roƙon duk mai karanta wannan ya rabu da zuba fiya-fiya ko yayyafa maganin feshi a kan waken da mutane za su ci. Ba ya fita da wanki yadda ake zato, kuma mai sayen tiya ɗaya a kasuwa ba shi da hanyar sanin yaushe aka zuba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni. Turawa sun kare mutanensu, waken da suka ƙi kuwa cikinmu ya dawo. Ƙwayar hayaƙi da ake jefawa a buhu aikin ƙwararru ce a sito da ba a kwana. Iskar da take fitarwa tana kisa, kuma a ƙauye ɗakin ajiya sau da yawa shi ne ɗakin kwanan yara.

Akwai riba ma a barin gubar. Masu ƙosai da alale da masu dafa wa makarantun kwana suna gane wake mai tsabta da hanci, kuma wanda suka amince da kayansa ba ya neman mai saye.

Ina za a ajiye?

Jagorar da aka rubuta wa manomin wata ƙasa za ta ce a sa a rumbu a kulle. A Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Kaura ba mu da wannan sauƙin. Garuruwa da dama sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe, an kuma ƙone rumbuna da yawa da abincin shekara a ciki. Wanda ya sayar da wakensa da arha don kada a kwashe masa bai yi wauta ba, kuma ban rubuta wannan don in ga laifinsa ba. Abin da zan ce shi ne tsakanin sayar da duka da tara duka a rumbun ƙauye akwai hanya.

Ka raba kayan gida biyu ko uku. Na ci ya zauna a jarkoki cikin gida, inda ba ya ɗaukar ido kamar rumbu. Na sayarwa ya tafi gari, Kaura ko Shinkafi ko Zurmi ko Moriki, wurin ɗan'uwa ko aminin da ka yarda da shi. Buhu mai kilo 50 ya fi dacewa da mu, domin babur yana ɗaukarsa, mutum ɗaya yana ɗaga shi, kuma in ɗaya ya huje rabin asara ce. A naɗe shi da tsohon buhu ko bargo kafin a ɗaure a babur don kada ƙarfe ya ci ledar. A fitar da kaya kaɗan-kaɗan, a ranar da hanya ke da jama'a, kada kuma yawan abin da ka samu ya zama hirar majalisa. Ko wurin ɗan'uwanka na jini ka ajiye, a rubuta: buhu nawa, ranar da aka kawo, gaban wa. Ka sa alamarka a jikin buhun da fenti. Rubutu ba rashin yarda ba ne, rai da mutuwa ake dubawa.

Mu tuna watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. Mai kuɗi a hannu ya rasa inda zai sayi abinci cikin sauƙi, mai kaya a ƙauye ya rasa inda zai kai. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 kuma iyakar Nijar ta kasance a rufe, fataucin da ke tsakaninmu da ƙasar Maraɗi ya tsaya cik. A irin waɗannan lokuta gidan da ke da gero da wake a ɗaki shi ya fi kowa kwanciyar hankali. Don haka kason ci shi ake fara warewa, a lissafa bakunan gida har zuwa sabon gero, sannan a yi maganar kasuwa.

Lissafi kafin ɗauri

Zakka ce farko ga wanda amfaninsa ya kai nisabi: ushiri ga noman damina, rabin ushiri ga na ban-ruwa mai wahala, kuma wake yana cikin abin da ake fitar wa a mazhabarmu ta Malikiyya. Sai iri. Ka zaɓi ƙwaya mai kyau daga shukar da ta fi lafiya, ka ajiye a jarkarta daban. Busasshen wake ba ya rasa tsiro don an rufe shi daga iska. Wanda ƙuduji ya addabi gonarsa ya nemi SAMPEA 14 ko 15 tun da rani, kada ya jira ruwa ya sauka.

Abin da ya rage shi ne na sayarwa, kuma ajiya ba kyauta ba ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka lissafa kuɗin da tiya, tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Misali kawai: a ce buhunka tiya 40 ne. Buhun ajiya ya ci kuɗin tiya biyu, mota ko babur zuwa gari tiya ɗaya, hayar ɗaki tiya ɗaya, dako da la'ada tiya ɗaya. Tiya biyar ke nan cikin 40. Sai farashi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas kafin ka mayar da abin da ka kashe, riba kuwa daga nan take farawa. Ka sa naka alƙaluman, ka rubuta farashin ranar da ka ɗaure a jikin bango ko a littafi, ka rubuta farashin da in an kai shi za ka sayar.

Farashi ba kullum yake hawa ba, wannan kuma dole a faɗe shi. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwannin Arewa, mutane da yawa da suka saya da tsada suka tara sun sayar ƙasa da uwar kuɗi. Manomin da ya ajiye nasa noman bai ji ciwo kamar wanda ya ci bashi ya saya ba, domin ko ba komai yana da abin ci da iri. Darasin a fili yake: kada ka ci bashi don ka sayi na tarawa, kuma kada ka jira ƙololuwar farashi da dukan kayanka. Ka sayar kashi-kashi. Wani bayan kasuwa ta huce daga cunkoson kaka, wani gab da azumi in ya faɗo cikin watannin ajiyarka, tunda lokacin ƙosai da alale ne, na ƙarshe kuma a farkon damina sa'ad da ake neman iri kai ma kake neman kuɗin taki. Kafin ka ɗora kaya a mota ka buga waya ka ji farashin Gusau da na Dawanau, don ka san inda za ka tsaya da dillali.

Wani zai ce wannan ai ɓoye abinci ne. Malamai sun bambanta wanda ya adana abin da ya noma da wanda ya bi kasuwa ya saye don ya ƙuntata wa jama'a. Duk da haka, in yunwa ta shigo gari kana da buhu a ɗaki, ka buɗe ka auna wa maƙwabta a farashin da za su iya.

Bashin da ke tilasta sayarwa

Mafi yawan masu sayarwa da kaka ba tsoron ƙwaro kaɗai ke korar su kasuwa ba. Akwai bashin taki, akwai kuɗin 'yan ƙodago, ga biki, ga asibiti. Mafi muni shi ne bashin da ake ci da damina a biya da buhu da kaka, wanda mai bayarwa ke yanka farashinsa tun shuka ba ta yi fure ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya tun 1999 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma tana tara amfaninta a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Kowa ya karɓi rance gwargwadon wani kaso na darajar kayansa, ya yi kiwo ko noman rani ko sana'a, bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito ya ɗauki kayansa sun yi daraja. Matsalar wannan hanya a wurinmu ita ce kuɗin ruwa, kuma da gaskiyar masu ƙin sa. Amma kwaɗo biyun abin ɗauka ne. Mutum goma ko goma sha biyar da suka san juna za su iya kama ɗaki ɗaya a gari, mabuɗi ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin liman ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi, da littafi mai sunan kowa da buhunansa. A haɗa da adashe: wanda larura ta kama ya karɓi rance marar ruwa daga asusun, buhunsa ya zama jingina. Haya ta rabu, kuɗin mota ya rabu, kuma masu buhu 50 a wuri ɗaya suna magana da mai mota kai tsaye, ba sai ta bakin dillalai uku ba. A fara da kaɗan. Ƙungiyar da aka kafa don jiran tallafi takan watse ranar da aka raba tallafin, wadda aka kafa a kan buhunan mutane kuwa kowa yana sa mata ido.

Akwai kuma abin da ke biyan ƙananan buƙatun kaka ba tare da an taɓa wake ba. Harawa kuɗi ce. A yanke ta tun tana da ganye kore, a naɗe, a ɗora a kan rufi ko reshen itace. Rabinta ta tafi kasuwa, rabi ta ciyar da rago ko akuya biyu, takinsu ya koma gona. Ƙowar wake ma masu kiwo suna saye.

Kason mata

A gidaje da yawa waken da mata suka samu na roro shi ne jarinsu na shekara. Jarka biyu a ɗakin uwargida sun isa ta yi ƙosai ko alale ko ɗanwake na sayarwa har bazara, ba tare da ta aika kasuwa ta sayi tiya da tsada ba, kuma ribar tiyar da aka soya ta fi ta tiyar da aka auna. Maigida da ya sayar wa matarsa buhu a farashin kaka, ta biya shi a hankali, ya bar kuɗin a cikin gidansa.

Yara kuma a ware musu nasu da gangan. Gero kashi uku, wake ko waken suya kashi ɗaya, gyaɗa kashi ɗaya, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare, a riƙa dama wa yaron da ya wuce wata shida, ana ci gaba da ba shi nono. Gyaɗar a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, kada a ba yaro, kada a ba dabba. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura ko ya rame ya daina cin abinci, kunu ba ya wadatar da shi, asibiti za a kai shi a ranar.

Ranar buɗewa

In ka kwance buhu ka ga matattun ƙwari a sama, kada ka damu, shaida ce ta cewa ya yi aiki. A tankaɗe, a shiƙa. In ka ji warin tsami ko ka ga ƙwaya ta dunƙule, danshi ne ya rage tun farko, wannan buhu a fitar da shi daga na ci. Wanda aka buɗe a sayar ko a cinye cikin 'yan makonni, in kuwa za a mayar, a sake matse iska a yi ɗauri ukun kamar farko.

Kada ka bar wa mai saye buhunka. Ka juye masa a nasa, ka kakkaɓe ledojin, ka goge da busasshen tsumma, ka ninke, ka rataye inda ɓera da rana ba sa kaiwa. Buhun da aka kula da shi yana yin kaka uku. Ƙaramar huda ana like ta da salatif mai faɗi ciki da waje, ledar da ta yage kuma ta koma shimfiɗar shanya. Kafin roro mai zuwa ka sake cika kowace da iska ka matsa, wadda ta saki ka nemi madadinta tun watan Satumba, kafin kowa ya tashi nema.